Aiki, albashi da kuɗin ruwa a Niyu Zilan: tambayoyin da 'yan uwa ke ta maimaitawa

Tambayoyin nan sun daɗe suna zuwa, wasu daga masu niyyar tafiya Niyu Zilan neman aiki ko karatu, wasu daga waɗanda suka riga suka isa suka tarar abun ba yadda ejan ya faɗa musu ba ne, wasu kuma ɗaliban tattalin arziki ne da malami ya ba su ƙasar a matsayin misali. Na tattara su wuri ɗaya daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi. Alƙaluman da ke ciki sun tsaya ne a ƙarshen 2025.

Wai me ya sa kullum in ana maganar babban banki sai an ambaci Niyu Zilan, ƙasar da mutanenta ba su kai na jihar Kano ba?

Gaskiya ne ƙaramar ƙasa ce, mutum miliyan 5 da ɗoriya ne gaba ɗaya, amma su suka fara wani tsari da yanzu duniya ke bi. A shekarun 1980 hauhawar farashi a can ta haura kashi 15 cikin ɗari, sai majalisa ta yi doka a 1989 ta ce wa babban bankinsu ga aikinka guda, ka tsare farashi, gwamnati za ta faɗi adadin da ake so a fili kowa ya ji, kai kuma ka nemi hanyar kaiwa can ba tare da ɗan siyasa ya sa maka baki ba. A 1990 aka sa hannu kan yarjejeniyar farko lokacin Don Brash na gwamnan bankin, iyakar kuma ita ce kashi 0 zuwa 2. Daga baya aka sassauta, tun 2002 iyakar tana tsakanin kashi 1 zuwa 3, ana kuma son a zauna kusa da 2.

Abun da ba a cika faɗa ba shi ne farashin ya sauko ɗin amma a 1991 rashin aikin yi ya haura kashi 10. Kenan tun ranar farko maganar farashi da maganar aikin yi a ɗaure suke da igiya ɗaya.

Mene ne OCR ɗin nan da ake ta cewa an ƙara ko an rage?

Shi ne kuɗin ruwa na tushe da babban banki ke yankewa, wanda sauran bankuna ke ɗora nasu a kai. Tun 1999 ake amfani da shi. Kwamiti ne ke zama ya yanke, in ya ɗaga sai bashin gida da bashin kasuwanci su yi tsada, in ya sauke su yi sauƙi. A Maris 2020 da korona ta shigo aka sauke shi zuwa kashi 0.25, daga Oktoba 2021 aka fara ɗagawa, sau 12 a jere ba hutu, har ya kai 5.5 a Mayu 2023. A nan ya zauna sai Agusta 2024 aka fara ragewa, zuwa Nuwamba 2025 ya dawo 2.25.

In aka ce kasuwar ƙwadago ta matse, me ake nufi?

Ana nufin masu neman ma'aikata sun fi masu neman aiki yawa. A ƙarshen 2021 rashin aikin yi ya sauko kashi 3.2, mafi ƙanƙanta tun da aka fara wannan ƙidayar a 1986. A zahiri yadda abun yake shi ne ka bi titi ka ga takardar ana neman ma'aikaci manne a gilashin shago bayan shago, gidan abinci ya rufe ranar Litinin da Talata ba don babu masu saye ba sai don babu mai dafawa, a wasu garuruwa an soke zirga-zirgar bas saboda babu direbobi, asibiti na neman nas ido rufe. A yankin Hawke's Bay inda ake noman tuffa, manoma sun kalli 'ya'yan itace suna nuna a bishiya suna faɗuwa ƙasa babu hannun tsinka.

Har mahauta abun ya taɓa. Ƙasar na fitar da naman rago da na sa mai yawa zuwa ƙasashen Musulmi, dole sai Musulmi ya yanka, galibin masu yankan kuma daga waje ake kawo su, toh da aka rufe boda sai masana'antun nama suka shiga kukan rashin masu yankan halal, mutum ɗaya in babu shi layin aiki gaba ɗaya ya samu matsala.

Toh ina ma'aikatan suka shiga a lokacin?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko an rufe boda a Maris 2020 ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai ƙarshen Yuli 2022, ƙasar kuma ta saba dogaro da baƙi, ɗalibai masu aikin wucin gadi, matasan Turai masu yawon duniya suna aiki a gonaki da otal, da ma'aikatan rani daga tsibiran Fasifik. Duk wannan famfon aka rufe lokaci ɗaya.

Na biyu gwamnati da babban banki sun zuba kuɗi sosai don tsoron kar tattalin arziki ya durƙushe. Gwamnati ta dinga biyan kamfanoni tallafin albashi, dalar Niyu Zilan 585.80 a sati kan kowane cikakken ma'aikaci don kar a kore shi, babban banki kuma ya sayi takardun lamuni na sama da dala biliyan 50. An yi hasashen rashin aiki zai kusa kashi 10, sai ya tsaya a 5.3 ya juyo ƙasa. Kuɗi a hannun mutane, bashi arha, ba a fita yawon waje, kowa ya koma gyaran gida da sayen gida da sayen mota, farashin gidaje ya yi tashin gwauron zabi har zuwa ƙarshen 2021. Buƙata ta ƙaru hannun aiki ya ragu, shikenan.

Amma in kowa na da aiki ai abun murna ne, me ya kawo babban banki ciki?

Tambayar nan tana da ƙarfi kuma ban ga laifin mai yin ta ba. Hujjar bankin ita ce in ma'aikata sun yi ƙaranci, kamfanoni za su dinga ƙwacen ma'aikatan juna da ƙarin albashi, kayan da ake samarwa bai ƙaru ba amma kuɗin samar da shi ya ƙaru, sai a ɗora a farashi, ma'aikaci ya ga farashi ya tashi ya sake neman ƙari, abun ya zama zagaye. A tsakiyar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 7.3, rabon da a ga haka an fi shekara 30. Bankin ya fito ya ce yawan masu aiki ya wuce abun da tattalin arzikin zai iya ɗauka ba tare da farashi ya tashi ba.

Abun da suka fi tsoro shi ne mutane su saba. In mai gida da mai shago da ma'aikaci duk suka sa a ransu cewa baɗi ma kashi 7 za a ƙara, kowa zai ƙara nasa tun kafin lokaci, daga nan cire abun sai an sha wuya ninkin ta farko. Ko albashin ne da gaske ya tura farashin, wannan wata magana ce, duba amsar da na yi kan albashi a ƙasa.

Da gaske ne gwamnan bankin ya amsa da bakinsa cewa da gangan suke jawo koma bayan tattalin arziki?

Eh. A Nuwamba 2022, bayan an ƙara OCR da kashi 0.75 a zama ɗaya, 'yar majalisa Chlöe Swarbrick ta tambayi gwamna Adrian Orr a gaban kwamitin majalisa ko da gangan bankin ke ƙirƙirar koma baya, ya amsa cewa haka ne, suna so ne kashe kuɗi ya ragu. Sauran manyan bankunan duniya abu ɗaya suke yi amma da wuya ka ji sun faɗa ƙarara haka. Ni ina ganin gara da ya faɗa, domin wanda zai rasa aikinsa yana da haƙƙin ya san cewa ba tsautsayi ne kaɗai ba, shawara ce wasu suka zauna suka yanke. Koma bayan kuma ya zo, a tsakiyar 2024 tattalin arzikin ya tsuke da kusan kashi 1 a rubu'i biyu a jere, kowane rubu'i wata uku ne.

Ta wace hanya ƙarin kuɗin ruwa a Wellington, babban birnin ƙasar, ke kai ga sallamar ma'aikaci a wani shago?

Babbar hanyar ita ce bashin gida. A Amurka mutum na iya ɗaure ruwan bashin gidansa shekara 30, a Niyu Zilan galibi shekara ɗaya ko biyu ake ɗaurewa, wa'adi na cika sai ka koma banki a yanka maka sabon ruwa. Ɗauki misalin miji da mata da suka ci bashin dala 500,000 a 2021 kan ruwa kashi 2.5, ruwan kaɗai dala 12,500 ne a shekara. A ƙarshen 2023 suka je sabuntawa aka ce kashi 7, ya koma dala 35,000. Ƙarin dala 22,500 kenan, sama da dala 400 duk sati, kuma albashinsu bai ƙaru da haka ba. Me za su yi? Za su daina cin abinci a waje, gyaran kicin da suka yi niyya a fasa, tsohuwar mota a ci gaba da lallaɓa ta. Ka ninka gidan nan sau dubbai.

Daga nan mai gidan abinci ya ga kujeru babu kowa, da farko ya rage wa yara awannin aiki, wanda ya tafi ba a maye gurbinsa, sannan a zo kan sallama. Magini ya gama ginin da ke hannunsa babu sabo. Shi ya sa gine-gine da shaguna da gidajen abinci su ne suka fara jin jiki.

Sai dai abun ba ya aiki nan take, yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya gama ratsa jiki tunda ba rana ɗaya kowa ke sabunta bashinsa ba. Wannan jinkirin shi ne haɗarin, banki na iya ci gaba da matsawa alhali maganin da ya riga ya bayar bai gama aiki ba, haka kuma in ya saki ba a ganin sauƙi da wuri. Ka riƙe wannan, zai dawo a tambaya ta ƙarshe.

Ni ba na cin bashi da ruwa saboda addini, toh abun ya shafe ni?

Ya shafe ka ɗan uwa, ko da ko sisi ba ka taɓa karɓa a banki ba. Wanda ya ɗauke ka aiki da bashi yake juya kasuwancinsa, masu sayen kayansa bashin gida ne a wuyansu, mai gidan da kake haya shi ma wataƙila bashi ne ya sayi gidan. Sannan akwai canji, tun 1985 dalar ƙasar kasuwa ce ke yanka mata daraja, in ruwa ya yi sama masu kuɗi na waje sukan kawo kuɗinsu dalar ta yi ƙarfi, in ya sauka takan yi rauni, wannan kuma shi ke nuna nawa kuɗin da ka tura gida zai zama in an canja. Ka tsare addininka ka guji riba, amma ka dinga bin labarin OCR kamar yadda manomi ke kallon hadari.

Ƙarin albashi ne ya jawo tsadar, ko dai an ɗora wa ma'aikata laifin da ba nasu ba?

A nan masana sun rabu kuma alƙaluman kansu kala biyu ne. Akwai ma'aunin da ke duba aiki iri ɗaya ya ga nawa kuɗinsa ya ƙaru, wannan ko a ƙololuwarsa a 2023 bai wuce kashi 4 da ɗoriya ba, ƙasa da hauhawar farashi, ma'ana wanda ya zauna a kujerarsa bai motsa ba talaucewa ya yi. Akwai kuma matsakaicin kuɗin awa, wanda ya haɗa da ƙarin girma da masu sauya wurin aiki, shi ya kai wajen kashi 7. Mafi ƙarancin albashi ma gwamnati ta ɗaga shi, daga dala 20 a awa a 2021 zuwa 21.20 a 2022 zuwa 22.70 a 2023, daga nan ƙarin ya yi sanyi, 23.15 a 2024 sai 23.50 a 2025.

Ni a nawa ganin farkon wutar ba daga albashi ta tashi ba. Man fetur ne bayan yaƙin Rasha da Yukiren, kuɗin dakon jirgin ruwa ne ga ƙasar da ke can ƙarshen duniya, kayan gini ne, sannan guguwar Gabrielle ta Fabrairu 2023 ta lalata gonaki da hanyoyi kayan miya suka yi tsada. Ƙungiyoyin ƙwadago ma ba su da ƙarfin da za su tura albashi yadda ake tsoro, tun dokar ƙwadago ta 1991 aka karya lagonsu, yau wajen ma'aikaci ɗaya cikin biyar ne ɗan ƙungiya. Amma a yi wa bankin adalci, bayan farashin kayan waje ya lafa, na cikin gida ya ƙi sauka, haya da inshora da harajin ƙananan hukumomi da kuɗin aikin hannu, kuma wani ɓangare na wannan kuɗin ma'aikata ne. Matsalar ita ce kuɗin ruwa ba ya rage kuɗin inshora ko harajin ƙaramar hukuma, abun da yake iya ragewa shi ne sayayyar mutane da ɗaukar ma'aikata, toh nan ɗin ya danna.

Malaminmu ya ce wanda ya fara auna alaƙar rashin aiki da albashi ɗan can ne, haka ne?

Haka ne, sunansa Bill Phillips, an haife shi a 1914 a gidan manoma masu kiwon shanun madara, ya fara da aikin lantarki kafin ya koma tattalin arziki a Landan. A 1958 ya duba alƙaluman Birtaniya daga 1861 zuwa 1957 ya nuna cewa in rashin aiki ya yi ƙasa albashi kan tashi da sauri, in ya yi sama albashi kan tsaya. Daga baya masana tattalin arziki Milton Friedman da Edmund Phelps suka ce ba za ka iya sayen aikin yi da hauhawar farashi har abada ba domin mutane za su gane su saka shi a lissafinsu, wancan tsoron sabo da na ambata a sama daga nan ya samo asali.

Kafin wannan, a 1949, Phillips ya ƙera wata na'ura mai tankuna da bututu da ruwa mai kala yana zagayawa, ruwan shi ne kuɗi, in ka murɗa famfon haraji ko na kuɗin ruwa sai ka ga wani tanki ya cika wani ya ragu. Ɗaya daga cikin na'urorin tana Wellington a ginin babban bankin.

Da aka buɗe boda me ya faru?

Ambaliya aka yi. A 2023 waɗanda suka shigo sun fi waɗanda suka fita da sama da mutum 120,000 a shekara ɗaya, ga ƙasa mai miliyan 5 wannan sama da kashi 2 ne na al'umma, galibi daga Indiya da Filifin da Sin da Fiji. Nan take kukan rashin ma'aikata ya yi sauƙi. Wannan shi ne abun da ya bambanta ƙaramar ƙasa da babba, a Amurka baƙi dubu ɗari ba za a ji su ba, a nan kuwa ƙofar shige da fice tana iya juya kasuwar ƙwadago fiye da yadda kwamitin babban banki zai iya, kuma ƙofar ba a hannun bankin take ba, a hannun gwamnati take.

Sai dai baƙo ba hannun aiki ne kaɗai ba, baki ne kuma, yana buƙatar ɗaki da abinci da makarantar yara, don haka haya ta tashi musamman a Auckland, birni mafi yawan jama'a a ƙasar. Abun takaicin shi ne lokacin, mutane sun iso ne daidai sanda maganin kuɗin ruwa ya fara kama jiki, an kira su don cike guraben 2022 suka tarar da kasuwar 2024.

Ana cewa 'yan ƙasar da kansu guduwa suke yi Ostireliya, me ya sa?

Tun 1973 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, ɗan Niyu Zilan na iya hawa jirgi ya je Ostireliya ya zauna ya yi aiki ba tare da wahalar biza ba, albashin can kuma ya fi tsoka, daga Yuli 2023 ma aka sauƙaƙa musu zama 'yan ƙasa. A 2024 'yan ƙasa wajen 70,000 suka fita, sama da rabi can suka nufa, nas da 'yan sanda da magina da matasa masu digiri. Wannan na rage adadin marasa aiki a takarda tunda wanda ya tafi ba a ƙirga shi, amma ƙasar na asarar mutanen da ta kashe kuɗi ta horar. Kai da ka shigo da bizar aiki ba ka da wannan ƙofar, sai wanda ya zama ɗan ƙasa.

In aiki ya yi ƙaranci wa ya fi shan wahala?

Ba daidai ake raba wahalar ba. Rashin aikin yi ya tashi daga kashi 3.2 zuwa 5.1 a ƙarshen 2024, zuwa 5.3 a rubu'i na uku na 2025, amma a tsakanin 'yan asalin ƙasar wato Maori da 'yan tsibiran Fasifik adadin ya kusa ninki biyu na wannan, matasa kuma nasu ya fi haka muni. Su ne na ƙarshen ɗauka su ne na farkon sallama. A Wellington kuma gwamnati ta rage dubban ma'aikatanta a 2024, ya zama duka biyu a lokaci ɗaya, banki na matsawa gwamnati na tsuke aljihu.

Sai baƙo mai bizar da ke ɗaure da kamfani ɗaya. Ɗan ƙasa in ya rasa aiki akwai tallafin gwamnati, shi kuwa baƙon babu, ga haya ga bashin da ya ci a gida don ya taho. A 2023 an gano mutane sama da ɗari, galibi daga Indiya da Bangaladash, cunkushe a wasu gidaje a Auckland, sun biya dillalai dubban daloli an ba su biza ta gaskiya amma aikin babu shi. Wannan labarin yana taɓa ni sosai domin irin mutanenmu ne, wani gona aka sayar aka tura shi, wani zinaren mahaifiyarsa.

An ce da an ɗora wa bankin kula da aikin yi sai aka cire, yaya abun yake?

A 2018 gwamnatin Jacinda Ardern, da Grant Robertson a matsayin ministan kuɗi, ta gyara doka ta ƙara wa bankin aiki na biyu, ya tallafa wa samar da aikin yi gwargwadon abun da zai ɗore, ta kuma mayar da yanke shawara hannun kwamiti maimakon gwamna shi kaɗai. A Disamba 2023 sabuwar gwamnatin Christopher Luxon ta cire aikin na biyu cikin makonninta na farko, hujjarsu ita ce wanda aka ba aiki biyu hankalinsa rabuwa yake.

A aikace bambancin bai kai yadda 'yan siyasa suka zuzuta ba, domin duk ƙarin nan 12 an yi su ne lokacin da aikin biyu ke wuyan bankin, kuma ko yanzu dole ya kalli kasuwar ƙwadago tunda ita ke nuna masa inda farashi ya dosa. Duk da haka ni na fi son a bar shi a rubuce, saboda abun da doka ta ambata shi ake tambayar gwamna a kai in ya zo gaban majalisa. Orr ya ajiye aiki a Maris 2025, a Disamba 2025 Anna Breman daga babban bankin Suwidin ta karɓa, mace ta farko a kujerar.

Rashin aikin yi na kashi 5 ai ba komai ba ne, me ya sa suke kuka?

Sai ka san yadda ake ƙirgawa. Hukumar ƙididdiga na tambayar gidaje wajen 15,000 duk wata uku, kuma wanda ya yi aikin awa ɗaya na kuɗi a sati ana sa shi cikin masu aiki. Marar aiki shi ne wanda ba ya yi, a shirye yake, kuma ya nema a makonni huɗu da suka wuce, wanda ya gaji ya daina nema ya fita daga lissafi. Shi ya sa akwai ma'auni na biyu da ke haɗawa da masu son ƙarin awanni da waɗanda suka karaya, wannan ya haura kashi 12 a 2025. Sannan a can babu zancen in ka rasa aiki ka kasa tebur a bakin titi ko ka ɗauki babur ka fara haya, kusan komai sai da rajista da lasisi, haya kuma duk sati ake biya.

Wannan duk ya shafe mu a Najeriya, Gana ko Nijar?

Tsarin da suka ƙirƙira ya iso mu. Gana ta ɗauke shi a hukumance a 2007, amma bai hana farashi tashi da kashi 54.1 a Disamba 2022 ba, har babban bankinta ya kai ruwa kashi 30 a 2023. Babban bankin Najeriya a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ce shi ma can ya dosa, ya ɗaga ruwa daga 18.75 zuwa 27.5 a 2024. Nijar kuwa ba ta da wannan sitiyarin ita kaɗai, BCEAO, babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu kashe sefa da ke Dakar, ke yanke wa ƙasashe takwas, sefa kuma a ɗaure take da yuro kan 655.957.

Amma kar a kwafo lissafin kai tsaye. A Niyu Zilan maganin na bi ne ta bashin gida da albashin wata, mu kuwa sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya ba aikin ofis ko kamfani mai rajista suke ba, bashin gida kuma mutum nawa ne ke da shi? Tsadarmu ta fi zuwa daga canjin dala, man fetur, da rashin tsaron da ya hana manomi zuwa gona, don haka ƙarin ruwa a wurinmu ya fi aiki ta hanyar tsare darajar naira. Wata alaƙar kuma tana cikin kofin shayinka, kusan kashi 95 na madarar da suke tatsa waje ake kai ta, akasari ta hannun Fonterra, babban kamfanin madararsu, kuma Najeriya na cikin masu sayen garin madararsu.

Tunda yanzu an rage kuɗin ruwa, in fara shirin tafiya kenan?

Kar ka yi gaggawa. Hauhawar farashi ta dawo cikin iyaka a rubu'i na uku na 2024 da ta sauko kashi 2.2, an kuma rage OCR da sama da maki 3, amma ka tuna jinkirin da na yi bayani a amsar bashin gida, sama da shekara ɗaya bayan fara ragewa rashin aiki bai daina hawa ba. Kamfani sai ya ga ciniki ya dawo ya daɗe kafin ya ɗauki sabon mutum, kuma zai fara ne da ƙara wa na hannunsa awanni. Abun da za ka duba ba OCR kaɗai ba ne, ka duba adadin marasa aiki na rubu'i biyu ko uku a jere ka ga ko ya fara sauka, sannan ka duba sana'arka tana cikin jerin sana'o'in da hukumar shige da ficensu ta ce ana ƙarancinsu ko a'a, domin likita da injiniya lissafinsu daban ne da na lebura.

Ka kuma san waɗannan kafin ka ba kowa kuɗi. Bizar aiki ta yau da kullum sai kamfanin da hukuma ta tantance ya ba ka aiki tukuna, kuma a dokarsu laifi ne a karɓi kuɗi a hannunka don a ba ka aiki, duk ejan da ya ce kawo miliyoyi ga aiki a shirye ka koma ka karanta abun da ya faru a Auckland a 2023. Shirin aikin gona na rani da aka fara a 2007, wanda ya tashi daga mutum 5,000 zuwa wajen 20,000 a shekara, an yi shi ne don ƙasashen Fasifik irin su Vanuatu da Samoa da Tonga, in wani ya ce zai saka ka ciki daga Kano ko Maraɗi ƙarya yake. Tun Disamba 2023 kuma kowane kamfani na iya sa wa sabon ma'aikaci gwajin kwana 90 a kwantiragi, ko da yake an hana yin haka ga masu bizar kamfanin da aka tantance, don haka ka karanta kwantiraginka layi-layi, ka nemi sunan kamfanin a shafin hukumar shige da fice da kanka, kuma ka tanadi kuɗin haya da abinci na wata uku aƙalla kafin ka sayi tikiti.